Awa 60 a sati: ƙa'idar manyan kampanoni da ɗan dakon albasa



Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsaida wa ma'aikacin masana'anta awa 8 a yini, awa 48 a sati. Sai dai manyan kampanonin Turai da Amurka masu sayar da tufafi, takalma da salula ba su suke ƙera kayansu ba. Kwangila suke bai wa masana'antun Asiya, kuma sun daɗe suna cewa wahalar leburan can ba ruwansu. Sai da 'yan jarida da ƙungiyoyin ƙwadago suka tona asiri sannan Levi Strauss da Nike suka rubuta ƙa'idodi a farkon shekarun 1990. Wadda ta fi bazuwa a yau ita ce: kada aiki ya wuce awa 60 a sati har da ƙarin lokaci, ƙarin ya zama da yardar lebura, a ba shi hutun yini ɗaya cikin bakwai. Kampani na tura masu bincike su duba rajistar shiga da fita da takardun albashi, wanda ya ƙi gyarawa a janye masa kwangila.

A takarda ke nan. A 2012 ƙungiyar Fair Labor Association ta binciki masana'antun Foxconn da ke harhaɗa wa Apple salula a ƙasar Sin, ta tarar ana zarce awa 60 idan odar ta yi yawa. Dalili a fili yake: kampanin da ya kafa ƙa'ida shi ne ke karya farashi, shi ne ke rage wa'adi. Wani mai masana'anta sai ya ajiye rajista biyu, ta gaskiya da ta nuna wa baƙo. Leburan ma, da albashi bai ishe shi ba, shi ke roƙon ƙarin lokaci.

Ɗan kasuwar Madawa ya san wannan hali ko bai taɓa jin sunan Foxconn ba. Lokacin ɗibar albasa a kwarin Tarka, cikin zafin Maris da Afrilu, kamiyon Abijan ko Akara na tsaye, albasa kuwa ba ta jira. Ɗan dako a kan buhu ake biyansa, don haka babu mai ƙidaya masa awa. Haka ma matasan Buza da Keita da ke ci-rani a gaɓar teku. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsaida awa 40 a sati, da awa 2,400 a shekara a ayyukan noma, amma sufeton ƙwadago a kan kwangilar da aka rubuta yake aiki, garka kuwa da baki ake ciniki.

Tun 2017 Faransa ta wajabta wa manyan kampanoninta sa ido kan masu kawo musu kaya. Duk ɗan kasuwar da ke burin kai albasar Galmi manyan kantuna zai iya fuskantar wannan tambaya. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan albasa su zauna da 'yan dako tun yanzu, a tsaida kuɗin buhu da lokacin da za a daina lodi.