Jawabin Ƙaddamar da Na'urar Ƙirga Maki Marar Igiya a Ƙungiyar Wasan Takobi

 

Mai girma shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Mai girma babban baƙonmu, wanda ya ajiye aikin ofis ya zo ya zauna da mu cikin zafin Yamai. Iyayenmu maza da mata, musamman waɗanda suka amince 'ya'yansu mata su riƙe takobi. Shugabannin makarantu da malamansu, abokan aikina masu horarwa, 'yan jarida, sai kuma ku 'ya'yana 'yan wasa da kuke tsaye can baya cikin fararen kaya, kuna ɗokin in gama: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Abin da ya tara mu yau ga shi nan a kan tebur, an lulluɓe shi da ƙyalle. Wanda ya zo da tsammanin ganin wani jibgegen inji sai ya yi haƙuri. 'Yan akwatuna ne da kowanne zai shige aljihun wando, sai allo mai fitila ja da kore, jaka ɗaya ta ɗauke su duka. Kafin babban baƙo ya yaye ƙyallen, bari in yi wa iyaye bayanin amfaninsu, domin da gudummawarku aka saye su, kuma haƙƙinku ne ku san inda kuɗinku ya tafi.

Mu mutanen Nijar takobi ba baƙonmu ba ne a fagen wasa. Tun 1975 da aka fara kokawar ƙasa a Tawa, takobi ake miƙa wa gwarzon da ya kayar da kowa. Sai dai a kokawa, in mutum ya sha ƙasa, filin gaba ɗaya ya gani, har mai sayar da ruwa a bakin ƙofa shaida ne. A wasanmu kuwa, suka tana shiga ta fita kafin ƙiftawar ido. Yara biyu za su kai wa juna hari lokaci guda, kowa ya juyo yana rantsuwa shi ya riga. Sau da yawa ba ƙarya suke yi ba, abin da kowannensu ya ji a jikinsa ke nan.

Turawa ma da suka tsara dokokin wasan sun daɗe cikin wannan rigima. Hukumar wasan takobi ta duniya an kafa ta a Faris a 1913, kuma shekaru da dama bayan haka mutum biyar ake tsayarwa a kan wasa ɗaya: babban alƙali a tsakiya, mataimaka huɗu a gefe, biyu suna zuba wa wannan ido, biyu suna zuba wa wancan. In an yi suka sai a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga ra'ayi. Wanda ya san halin ɗan Adam ya san abin da zai biyo baya in ɗan ƙasar mataimaki ne a fage. Lantarki ne ya raba gardamar, shi ma sannu a hankali. Cikin nau'o'in takobin wasan, efe ya fara, a gasar Olamfik ta Balin a 1936. Takobin fulere ya biyo baya a ta Melbon a 1956. Sabar, wanda ake sara da shi ba suka kaɗai ba, ya fi ba masana wahala, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka shawo kansa, ya shiga Olamfik da lantarki a Basalona a 1992.

Ga yadda abin yake aiki. A tsinin efe akwai ɗan maɓalli mai sifirin a ciki. Ba ya kunna fitila sai nauyin da ya danne shi ya wuce giram 750, shi ya sa kuke ganin alƙali yana ɗora wani dunƙulen ƙarfe a kan tsinin kafin a fara wasa. Na fulere giram 500 ne. Siririyar waya tana kwance cikin kwarmin takobin, ta bi ta hannun riga ta fito ta bayan ɗan wasa. A efe jiki duka wurin suka ne, daga kai har yatsan ƙafa, kuma in su biyun suka soki juna cikin kashi ɗaya bisa 25 na daƙiƙa, kowa ya ci maki. A sabar tazarar da na'ura take bai wa na biyu kashi 170 ne cikin dubu na daƙiƙa. A fulere ƙirji da ciki da baya ne babban wurin suka, shi ya sa ake sa riga mai zaren ƙarfe, in tsini ya sauka a wajenta farar fitila ce za ta kama. Babu idon da zai iya auna 'yar tazarar nan ta efe da sabar, komai ƙwarewar mai shi.

To, wayar da ta fito ta bayan ɗan wasa, ina ta nufa? A tsarin da muka saba, ana maƙala ta da doguwar igiya da ke naɗe cikin wani faifai a ƙarshen fage. Fagen mita 14 ne, ɗan wasa ya yi gaba igiya ta warware, ya ja baya faifai ya naɗe ta. Daga faifan wata igiyar ta bi ƙasa zuwa na'urar da ke tsakiya, ita kuma a jona ta da wutar bango. Iyayen da suka taɓa zuwa ɗaukar 'ya'yansu da yamma sun sha tarar da mu a durƙushe da sukuddireba, mun buɗe cikin faifai muna neman inda waya ta tsinke. Sifirin ɗin ciki ya gaji, ko yaro ya saki igiya da ƙarfi ta koma da gudu ta fasa kanta, ko ƙurar hunturu ta shiga ta toshe mahaɗi. Kayan gyaran ba a kasuwarmu ake samunsu ba, sai an yi saƙo waje an jira. Ranar da komai ya yi daidai kuma sai a ɗauke wuta. Yaro ya biya kuɗin mota ya zo atisaye, rabin lokacinsa ya tafi a jiran layi.

Waɗannan akwatunan sun kawar da faifai da igiyar ƙasa gaba ɗaya. Ɗan wasa zai jona wayar jikinsa da akwatin, ya sa shi a aljihun baya, akwatin ya aika saƙo ta iska zuwa allon fitilu. Batir ne a cikinsu, ana cajinsu kamar wayar salula, ko da hasken rana. Ba mu ne farkon ganinsu ba. Wanda ya kalli Olamfik ta talabijin ya ga 'yan wasa babu igiya a bayansu, fitila tana kamawa har a jikin hular ragar da suke rufe fuska da ita. Wancan tsari ne mai tsada na manyan gasa. Daga baya kamfanoni irin su Favero na Italiya da Leon Paul na Landan suka fito da ƙanana domin ƙungiyoyi da makarantu, kuma irin wannan rukuni ne muka samo.

Yanzu sai maganar da na fi so 'yan wasa su saurara, don haka na can baya ku bar gyaran safar hannu. A tsarin igiya, ƙoƙon ƙarfen da ke kare hannu da shimfiɗar ƙarfen da ake takawa duk a haɗe suke da na'ura ta waya guda. Saboda haka in tsininka ya sauka a ƙoƙon abokin karawarka, ko ya caki ƙasa, na'ura ta sani, ba za ta ba ka komai ba. Da aka cire igiya, wannan haɗin ya tafi. Sai masu ƙira suka yi dabara: kowane akwati yana sakin wata 'yar alama ta lantarki a jikin ƙoƙon mai shi, in tsinin ɗaya ya taɓa ƙoƙon sai akwatinsa ya gane alamar ya yi shiru. Dabara ce mai kyau, amma tana da laulayi. Gumi yana iya rikita ta, tsatsa a jikin ƙoƙo ma haka, shi ya sa dole kafin kowane wasa ku gwada tsini a ƙoƙon juna ku tabbatar fitila ba ta kama ba. Ƙasa kuwa, tun da a kan siminti muke atisaye ba a kan shimfiɗar ƙarfe ba, babu abin da zai gaya wa akwati cewa daɓe ka soka. Ka kai hari ƙafa, ka kuskure, tsini ya daki siminti, fitilarka za ta kama tas kamar ka yi gwaninta.

A wannan lokacin mutum ɗaya ne a duniya ya san gaskiya tabbas, shi ne mai riƙe da takobin. Hannu yana bambance taushin takalmi da taurin siminti. Dokar wannan ƙungiya daga yau ita ce: wanda ya soki ƙasa ya ɗaga hannu da kansa ya ce a soke makin, kada ya jira alƙali. Wanda muka lura ya mayar da shiru al'adarsa, zai koma atisaye da bango har sai ya gyara hali. Na fi son yaron da ya sha kashi biyar da nema da gaskiyarsa a kan wanda ya ci da makin siminti, kuma ina faɗin haka a gaban iyayenku don kada gobe a kawo mini ƙara.

Akwai labarin da duk mai wannan wasa ya kamata ya sani. A Olamfik ta Mantiriyal a 1976, cikin gasar wasanni biyar wadda efe yake ɗaya daga cikinsu, Tarayyar Sobiyat ta zo da wani gogaggen ɗan wasa, hafsan soja, Boris Onishchenko. Yana karawa da Jim Fox na Birtaniya sai fitilarsa ta kama alhali tsininsa bai kai jikin kowa ba. Fox ya ce a duba takobin. Da aka kwance mariƙin sai ga ɓoyayyen maɓalli da yake dannawa da yatsa, fitila ta kama duk lokacin da ya ga dama. Aka kore shi daga gasar, 'yan Birtaniya kuma suka tafi gida da zinare. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin gwani ne na gaske, yana da lambobin Olamfik tun kafin ranar, da takobin kirki ma zai iya cin yawancin wasanninsa. Yau in an ambaci sunansa maɓallin nan kawai ake tunawa.

Ku kuma masu koyon alƙalanci, kada ku ɗauka aikinku ya ƙare. Na'ura shaida take bayarwa cewa an taɓa, hukunci yana hannunku. A fulere da sabar, in fitilu biyu suka kama tare, alƙali ne zai faɗi wanda ya fara kai hari da wanda ya kare ya rama, kuma sai ya bayyana dalilinsa da hannu da baki. Abin da na'urar ta sauke muku shi ne musun "na taɓa, ba ka taɓa ba", don ku mayar da hankali kan abin da ya fi wuya. Masu shirin gasa kuma su sani ba mu jefar da faifanmu ba. Yawancin gasannin da za ku je da igiya ake yinsu, kuma wanda bai saba da jan igiya a bayansa ba zai ji baƙon abu ranar da bai kamata ba. Kwana ɗaya a mako za mu riƙa jona su.

Batun kula da kaya gajere ne. Akwati ba ya kwana a jakar kowa, ba a barinsa a rana, wanda ya karɓa ya sa hannu a littafi, ya mayar ya sa hannu. Tsinin takobi a riƙa kwance shi ana share ƙura, a lura da 'yan ƙananan ƙusoshinsa biyu, don in ɗaya ta faɗi a yashi sai dai haƙuri.

Mai girma babban baƙo, babban dalilin da ya sa muka zaɓi waɗannan a kan ƙarin faifai shi ne muna so mu fita daga wannan ɗaki. Da jaka ɗaya da alli na zana layi, duk farfajiyar makaranta mai tsawon mita 14 ta zama fage, ko da wuta ko babu. Shugabannin makarantun da ke nan, ga roƙonmu: ku ba mu awa ɗaya a mako da inuwa, mu za mu zo da takubba da huluna da malami. Na san tambayar da iyaye za su fara yi muku. Takubban ba su da kaifi ba su da tsini mai huda, kuma babu yaron da zai tsaya a fage ba tare da hular raga da rigar kariya da safar hannu ba.

Ba mafarki muke sayar wa yaran nan ba. Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a fulere a Landan a 2012. Ines Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a Riyo a 2016, 'yan matanmu ku riƙe wannan suna. A Faris a 2024 Fares Ferjani na Tunisiya ya ɗauki azurfa a sabar, Mohamed Elsayed na Masar ya ɗauki tagulla a efe. A wannan gasar dai, a zauren Grand Palais, Evann Girault ya riƙe sabar da sunan Nijar. Fatanmu na gaba da zai ɗaga tutar nan ya kasance a farfajiyar wata makarantar unguwa ya fara ganin fitilarsa ta kama.

Ina miƙa godiyar ƙungiya ga iyayen da suka yi karo-karo, da tsofaffin 'yan wasanmu da ke ƙasashen waje waɗanda suka cika abin da ya rage, da ɗan'uwan da ya ɗauko kayan cikin jakarsa bai karɓi ko sisi ba, ya kuma hana a ambaci sunansa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a dukiya da zuri'a.

Ranka ya daɗe, muna roƙonka ka taso ka yaye ƙyallen, ka danna maɓallin da ke gefen allo. Ƙananan 'yan wasanmu biyu, mace da namiji, za su yi karawar farko ta maki biyar cikin minti uku, ja a hagun alƙali, kore a damansa. Bayan haka duk uba ko uwar da ke son gwadawa, akwai hula daidai kan kowa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.