Lacca: Abin da Kirsimeti Take Nufi ga Kirista



Kowane ma'aikaci a Nijar ya san ranar 25 ga watan Disamba, domin ranar hutu ce, ana rufe biro. Ɗan kasuwa ma ya san ta, saboda cinikin kaji da yadi da kayan yara. Amma kaɗan ne suka taɓa tambayar maƙwabcinsu Kirista abin da yake yi a coci a daren nan. Wasu na ɗauka bikin Nasara ne kawai, na ci da sha. Ga mai addinin, lamarin ya fi haka nauyi.

Kirista sun yi imani cewa a haihuwar Yesu Almasihu, Kalmar Allah ce ta zama ɗan Adam, ta zauna cikin mutane domin cetonsu. A nan suka rabu da Musulmi, waɗanda ke girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu, suka kuma yarda an haife shi ba tare da uba ba, amma a matsayin manzo kuma bawan Allah. Bambancin babba ne, ɓoye shi ba ya daga cikin ladabi.

Yadda Linjila ta ba da labarin ya kamata ya ja hankalin ma'aikata da fatake. Luka ya ce sarkin Rum, Kaisar Augustas, ya ba da umurnin ƙidayar jama'a, kuma kowa ya san sarki ba ya ƙirga talakawa sai don lanho. Wannan ya tilasta wa Yusufu kafinta da Maryamu tafiya daga Nazarat zuwa Baitalami, tana da tsohon ciki. Masauki ya cika, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne masu kwana a daji, fadawa da malaman Urushalima suna barci. Matiyu ya ƙara da cewa sarki Hirudus, don tsoron kujerarsa, ya sa an kashe yara maza na Baitalami, iyalin suka yi gudun hijira zuwa Masar. Saboda haka wa'azin wannan dare ya fi komawa kan ƙanƙan da kai da kula da matalauci da baƙo.

Ita ranar kuwa, Linjila ba ta ambace ta ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ran 25 ga Disamba ta fito daga birnin Rum, shekara ta 336. Kibɗawan Masar da Kiristan Habasha suna yin nasu ran 7 ga Janairu. Katolika na share fage da Lahadi huɗu na jira da tuba kafin sallar dare. Duk da haka, idin tashin Almasihu daga matattu ya fi Kirsimeti girma a wurinsu.

Kiristan Nijar ƴan tsiraru ne, amma ba baƙi ba ne. Asibitin mishan na Galmi yana karɓar marasa lafiya tun 1950, ba ya tambayar addinin kowa, Maraɗi kuma ta samu bishop nata na Katolika a 2001. A watan Janairu na 2015, makonni uku bayan Kirsimeti, aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, wanda ba su da hannu a ciki. A wasu unguwanni, maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye Kirista a gidajensu har ƙura ta lafa.