Lambar Lokaci a Kwamfuta: Bit 64 Bai Raba Gardama Ba



Ba zan tsaya kan labarin 2038 ba. Kowa a zauren nan ya san Unix na ƙirga sakan-sakan ne tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ma'ajin bit 32 zai cika a kan 2,147,483,647, ranar 19 ga Janairun 2038, agogo ya faɗa baya zuwa Disamban 1901.

Saɓanina da wasu abokan aikinmu shi ne cewar da suke yi tunda an koma bit 64, magana ta ƙare. Na yarda zai ɗauki shekaru kusan biliyan 292 kafin ya cika. Amma faɗin rumbu ba ya hana a zuba masa ƙaiƙayi.

Ku gwada da hannunku. A allon umarni na Linux ku rubuta date -u -d @1700000000, zai ba ku 14 ga Nuwamban 2023. To ku ƙara sifiri uku a ƙarshe, kamar yadda JavaScript da Java ke bayar da lokaci, domin su kowane sakan suna raba shi dubu ne. Amsar da za ta fito ita ce shekara ta 55840. Ba gargaɗi, ba ƙorafi, ya miƙo muku ita kamar gaskiya. Manhajar ba za ta ce lamba ta fi ƙarfinta ba sai shekarar ta haura biliyan biyu, inda gurbin shekara na harshen C ke cika. Duk abin da ke ƙasa da haka haɗiye shi take yi.

Ku juya kuskuren kuma. A ba manhajar da ke jiran kashi-dubun sakan lambar cikakkun sakan, sai 2023 ta koma 20 ga Janairun 1970. Idan akwai umarnin da ke share tsofaffin fayiloli cikin dare, aikin jiya-jiya zai ɗauka tsoho ne ya share. Na taɓa zama da wani ɗalibi har bayan isha'i muna neman bayanan bincikensa, ashe sifiri ukun nan ne suka cinye su.

Ana ce mini aikin manhaja shi ne ta yi abin da aka umarce ta, hankali na mai rubutu ne. Ban karɓi wannan ba. Gargaɗi layi ɗaya ne. Kuma bit 64 ɗin ma, idan da nanosakan ake ƙirga, a 2262 zai cika.

Abin da na daɗe ina nema bai sauya ba. Duk manhajar da ta ga shekara ta wuce 9999, ta yi magana. Duk wanda ya kira localtime na harshen C, ya duba ko amsa ta dawo kafin ya yi gaba. Ku kuma malamai, don Allah kada ku sa hannu a kan aikin ɗalibi sai kun jefa masa lambar 2038, da lamba mai alamar ragi, da mai sifiri ukun nan, kun ga abin da zai yi.