Ruwan Mama da Neman Sankara Tun Tana Ƙarama



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata tambaya da ta daɗe tana damun masana aikin likita, watau ko ɗan ɗigon ruwan da ake iya tatsowa daga maman macen da ba ta da ciki, ba ta kuma shayarwa, zai iya tona asirin sankara tun ba ta yi ƙarfi ba. Tambayar ba ta wasa ba ce. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 kaɗai an sami sankarar mama a jikin mata wajen miliyan 2.3, kuma kimanin 670,000 suka rasu ta sanadinta. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ta kama suna nan da ransu bayan shekara biyar. A Afirka ta Kudu kuwa kashi 40 ne. Babban abin da ya kawo wannan bambanci shi ne lokacin da aka gano cutar, da saurin samun magani.

Kafin a shiga batun ruwan, wajibi ne a san yadda aka ƙera maman. Tun a shekarar 1840 wani likitan fiɗa na Ingila, Astley Cooper, ya ɗura kaki mai launi-launi cikin hanyoyin nono, ya nuna cewa kowace hanya da sashen da take kaiwa gare shi. Ashe mama kamar gari ne mai unguwanni, kowace unguwa da magudanar ruwanta, dukansu kuwa a kan maman suke ɓullowa. Galibin sankarar mama a shimfiɗar cikin waɗannan hanyoyi take farawa. Shimfiɗar nan tana tsattsafar da ɗan ruwa ko da mace ba ta shayarwa, kuma ƙwayoyin halittar da suka ɓantale daga jikinta cikin ruwan suke faɗawa. Sai masana suka ce, in haka ne, me zai hana a ɗebo ruwan a sa shi a madubin likita?

Wanda ya share fage shi ne George Papanicolaou, haifaffen Girka wanda ya yi aiki a Jami'ar Cornell da ke birnin New York. Shi ne ya ƙago gwajin nan na bakin mahaifa wanda ya ceci rayukan mata masu ɗimbin yawa. A shekarar 1958 ya buga sakamakon gwada irin wannan dabara a kan ruwan mama. Ya ga ƙwayoyin sankara a ruwan waɗansu mata, amma da yawa ba a sami ruwan a jikinsu ba, inda aka samu kuma sau da yawa ƙwayoyin ba su isa a yanke hukunci da su ba.

A shekarun 1970 wani likitan fiɗa a Kalifoniya, Otto Sartorius, ya ƙera ɗan ƙoƙo mai haɗe da sirinji. Akan ɗumama maman, a wanke kansa domin a buɗe ƙofofin da suka toshe, a matsa shi a hankali daga tushe zuwa baki, sa'an nan a kifa ƙoƙon a ja sirinjin. Abin da ke fitowa bai wuce ɗigo kaɗan ba, wani fari, wani rawaya, wani kore ko ruwan ƙasa. Nicholas Petrakis na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya lura cewa samun ruwan ya danganta da shekarun mace, da ko ta taɓa shayarwa, har ma da irin dattin kunnenta: masu busasshen dattin kunne, kamar yawancin matan gabashin Asiya, ba kasafai ake samun ruwan a jikinsu ba.

A shekarar 1992 Margaret Wrensch da abokan aikinta suka ba da labarin mata kimanin 2,700 da aka bi sawunsu fiye da shekara 12. Waɗanda aka ga ƙwayoyi masu baƙuwar siffa a ruwansu sun kamu da sankara kusan ninki biyar na waɗanda ba a sami ruwa a jikinsu ba. To, a nan ne ya kamata a yi hattara. Binciken ya nuna wadda take cikin haɗari nan gaba, bai nuna wadda take ɗauke da cutar yau ba.

Daga bisani aka ɓullo da wankin hanyar nono, watau a zura siririn bututu cikin ƙofar da ta ba da ruwa, a ɗura ruwan gishiri, a zuƙo shi. Gwajin da aka buga a shekarar 2001, wanda mata 507 suka shiga, ya nuna ana samun ƙwayoyi masu yawa ta haka fiye da tatsa. Amma a shekarar 2004 likitoci a Shikago suka wanke hanyoyin maman da aka riga aka tabbatar akwai sankara cikinsa, kafin a cire shi, sai ga shi galibin cutar ta ɓuya wa gwajin. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya ɗebi ruwa a magudanar unguwa ɗaya bai san abin da ke gudana a sauran unguwanni ba, balle in ƙullutun ya toshe tasa magudanar.

Saboda haka a watan Disamba na 2013 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa gwajin ruwan mama ba zai maye gurbin hoton mamogiram ba, domin yana iya ce wa mai cuta lafiyarta lau, ya kuma tsorata mai lafiya a banza. Bincike dai bai tsaya ba. A Utrecht ta ƙasar Holan an yi amfani da feshin oksitosin a hanci domin ruwan ya sauko, ana neman alamun cutar cikin sinadaran ruwan, ba siffar ƙwayoyi kaɗai ba. Amma wannan aikin ɗakin bincike ne, ba gwajin da za a dogara da shi a asibiti ba.

Wannan magana tana da nauyi a Nijeriya da Nijar, inda injin mamogiram ya yi ƙaranci, kuma mata da yawa ba su isa asibiti sai cutar ta yi nisa. A irin wannan hali gwaji mai araha yana da farin jini, amma kwanciyar hankalin ƙarya ta fi rashin gwaji haɗari, don tana sa mace ta koma gida ta zauna. Ruwan da ya wajaba a kula da shi shi ne wanda ya zubo da kansa, daga mama ɗaya, musamman in da jini. Sau da yawa ɗan tsiro ne marar cutarwa, amma likita ne kaɗai zai bambance. Haka kuma ƙullutu a mama ko a hammata, ko kan mama ya shige ciki, ko fata ta yi kama da ɓawon lemo. Tabbatar da sankara kuwa sai an ɗebo ɗan nama da allura an duba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa mizani uku: a gano kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a gama bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 su kammala magani. Babu ɗaya cikin ukun da ke jiran sabon gwaji. Abin da suke jira shi ne mace ta faɗi abin da ta gani ba tare da kunya ba, maigida ya ba da izini da kuɗin mota ba tare da jinkiri ba, ma'aikacin lafiya kuma ya tura ta gaba maimakon ya sallame ta da maganin ƙurji. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu bincike basira.