Ciwon Ƙoƙon Gwiwa: Jawabi Kafin Zubi

Kafin a buɗe akwati, ku ara mini kunnuwanku kaɗan.

Ni mutuniyar Gwiwa ce, kuma gwiwar ce ta kusa zaunar da ni. Shekara biyu ina fama da ciwo daidai ƙoƙon. In na tsuguna wanki ko tuyar ƙosai, tashi sai na dafa bango. 'Yar ribar da nake samu a kemis take ƙarewa, har zubi ya fara gagara ta. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sai an yi mini aiki a Asibitin Ƙashi na Dala. Tsoron wuƙa ya sa na yi shiru.

Da na daure na je asibiti a Kazaure, likita ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta, ya ce babu maganar aiki. Naman cinya ne ke riƙe ƙoƙon a hanyarsa. In ya yi rauni, sai ƙoƙon ya riƙa gugar ƙashin da ke bayansa, dogon tsugunno kuma ya ƙara matse shi.

Ga abin da aka koya mini. Ki kwanta rigingine a tabarma, ki lanƙwasa ƙafa mai lafiya, ki miƙe mai ciwon sosai. Ki ƙanƙame naman cinya, ki ɗaga ƙafar kamar taƙi guda, ki ƙirga biyar, ki sauke a hankali. Sau 10, safe da yamma. Kada ki sa ran sauƙi a mako ɗaya, ni sai da na yi wajen wata biyu. Na kuma koma aiki a kan kujera mai ɗan tudu, jarkar ruwa kuwa rabi-rabi nake ɗauka.

Ƙwayoyin nan irin su diclofenac da ibuprofen, shan su kullum yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Mai juna biyu kada ta sha sai ma'aikacin lafiya ya ce. Kuma don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga.

Amma in gwiwa ta kumbura, ta yi zafi rau ga zazzaɓi, ko kin faɗi kin kasa taka ƙafar, ko ta sarƙe ta ƙi miƙewa, wannan ba na tabarma ba ne. A tafi asibiti a ranar. In kuɗin mota ne babu, a yi wa shugaba magana, don irin wannan muke zuba asusun taimako.

To, Inna, miƙo mini tabarmar nan in nuna muku.