Jawabi Kan Sabon Shafin Rajistar Malamai



Mun kammala gwajin shafin intanet da zai riƙa adana bayanan mambobinmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Da sunayen ƙage muka fara, don kada kuskurenmu ya taɓa haƙƙin kowa. Mun tarar yana karɓar lambar NIN ko da ba ta cika 11 ba, muka gyara. Mun kuma gwada shi da waya daga Riruwai, inda sabis kan yi rauni, ya buɗe.

Mun raba iko gida uku: sakatare ya shigar da suna, mai bincike ya tantance, shugaban reshe kaɗai ke gogewa. Kowane canji, shafin zai rubuta wanda ya yi shi da ranar.

Mun san yadda malami kan zama Muhammad a takardar aiki, Mamman a BVN, albashinsa ya maƙale. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba kowa haƙƙin ganin bayanansa da neman gyara. Kowa ya duba sunansa da ranar haihuwarsa, kada ya ba kowa lambar sirrinsa.

Allah Ya taimake mu.