Kwalejin Da Aka Garƙame Ta Bar Ɗalibanta Da Bashi

Jawabin da aka gabatar wa 'yan uwa ɗalibai game da abin da ke samun ɗalibi idan makarantarsa ta mutu.

'Yan uwa, galibin mutane sun ɗauka idan aka rufe kwaleji to waɗanda ke cikin aji ne kawai abin ya shafa. Sam ba haka ba ne. Wanda ya gama shekara biyar da suka wuce ma abin zai iske shi har gida, domin takardar shaidarsa da sunan makarantar take tafiya.

Abin da ya faru a Amurka a 2015 ya isa misali. Akwai wani kamfani mai suna Corinthian Colleges, wanda sana'arsa ita ce buɗe kwalejoji don neman riba, da sunaye irin su Everest da Heald da WyoTech. A 2010 ɗalibansa sun haura dubu ɗari, akasarinsu talakawa masu neman sana'ar da za su ci abinci. Kuɗin makarantar kuwa bashi ne suke ci daga gwamnati, mai ruwa, kamfanin ya karɓe, su kuma a rubuta masu a wuya.

A watan Afrilun 2015 gwamnati ta ci kamfanin tarar dala miliyan 30, saboda ƙaryar da Heald take shararawa game da yawan ɗalibanta da suka sami aiki. Ranar Lahadi 26 ga watan sai kamfanin ya ba da sanarwa, wayewar garin Litinin sauran makarantunsa 28 suna garƙame, ɗalibai kusan dubu 16 sun yi cirko-cirko. Ku lura, ita wannan Heald tun 1863 aka kafa ta. Tsufan suna bai hana ta faɗuwa ba.

To daga nan ɗaliban suka kasu. Wanda rufewar ta riske shi yana tsakiyar karatu, doka ta ba shi zaɓi biyu, kowanne da ɗacinsa: ko a yafe masa bashin gwamnati ya haƙura da karatun da ya yi, ko ya ɗauki sakamakonsa ya je wata makarantar ya ƙarasa, bashin na nan daram. Da yawa kuma da suka kai sakamakon wasu jami'o'i, aka ƙi karɓa, aka ce sai dai su fara daga farko.

Amma wanda ya fi shiga uku shi ne wanda ya riga ya gama. Shi wannan rangwamen bai hau kansa ba, tunda a wajen doka ya karɓi abin da ya biya. Ga takarda a hannu, masu ɗaukan aiki na ganin sunan makarantar suna yatsina fuska, ga ruwan bashi yana hauhawa kowane wata. Irin waɗannan ne mutum 15 daga cikin tsofaffin ɗaliban suka fito fili tun a Fabrairun 2015 suka ce ba za su ƙara biyan ko sisi ba, domin yaudararsu aka yi. Goma sha biyar kacal, 'yan uwa! Daga baya wasu suka bi sahu.

Sai a watan Yunin 2022, bayan shekara bakwai cur, Ma'aikatar Ilimin Amurka ta sanar da yafe dala biliyan 5.8 ga mutum kusan dubu 560 da suka yi karatu a waɗannan makarantu daga 1995 zuwa rufewarsu. An yi ta yayata wannan a matsayin babbar kyauta, alhali haƙƙin mutane ne da aka jinkirta. Kuma bashin gwamnati kawai yafewar ta shafa. Shekarun da matashi ya ɓatar a aji, da waɗanda ya ɓatar yana jiran hukunci, babu ma'aikatar da ta mayar masa da su.